Sirrin Makami Daban, Sirrin Guba Daban

Kwanakin baya na ga hotunan wani fili a jihar Kolorado ta Amurka. Ciyawa ta rufe ƙasa, barewa na kiwo, ga duwatsu can nesa, mutane na yawo wasu a ƙafa wasu a kan keke. Da na duba sunan wurin sai na ga an rubuta gandun namun daji na Rocky Flats. Nan take jikina ya yi sanyi.

Na daɗe da sanin wannan suna, amma a matsayin masana'antar da Amurka ta yi kusan shekara 40 tana ƙera zuciyar bama-bamanta na nukiliya. A 2018 aka buɗe filin da ke kewaye da ita ga masu yawon buɗe ido. Tun ranar da na ga hotunan tambaya ɗaya ke damuna: wa ya ce wurin lafiya yake, kuma wane dalili ne zai sa a yarda da shi?

Ba zan shiga gardamar ko ya dace wata ƙasa ta mallaki makamin ƙare-dangi ba. Wannan magana ce mai tsawo. Ra'ayina a nan ya fi haka sauƙi. Hukumar da aikinta ƙera makami ne bai kamata a bar mata aikin duba kanta ba. Kuma sirrin ƙasa ya tsaya a kan yadda ake haɗa makamin. Duk abin da ya fita ta bututun hayaƙi, ko ya gangara cikin ruwa, ko ya shiga huhun ma'aikaci, haƙƙin jama'a ne su sani, a ranar da abin ya faru.

Abin da aka yi a wurin

Rocky Flats na da nisan kilomita kamar 26 daga birnin Denver. Ta fara aiki a 1952. Hukumar Makamashin Atom ta Amurka ce mai ita, kamfanin Dow Chemical ya riƙe kwangilar gudanarwa har 1975, daga nan Rockwell International ya karɓa. Abin da ake ƙerawa shi ne ƙwallon fulutoniyom da ke zama kunamar bam. An ƙera kimanin 70,000.

Fulutoniyom ƙarfe ne mai wuyar sha'ani. Ɓarɓashinsa na iya kama wuta da kansa idan ya haɗu da iska. Tururinsa, wato haske marar ganuwa mai cutarwa da yake fitarwa, ba ya ratsa ko da takarda, don haka in yana waje da jiki illarsa kaɗan ce. Amma idan ƙurarsa ta shiga numfashi, sai ta zauna a huhu ko ƙashi ko hanta, tana ƙona naman da ke kusa da ita shekara da shekaru. Kuma sai ya yi shekara 24,000 kafin rabinsa ya lalace.

A ranar 11 ga Satumba 1957 wuta ta tashi a ɗaya daga cikin gine-ginen, ta cinye matatun da aka saka don tare ƙurar, hayaƙi ya fita sararin sama. Ba a gaya wa mutanen Denver girman abin ba. A ranar 11 ga Mayu 1969 wata gobarar ta sake tashi, wadda a lokacin ita ce haɗarin masana'anta mafi tsada a tarihin Amurka.

Gobarar ta biyu ce ta sa wasu masana da ba sa ƙarƙashin hukumar, cikinsu da Edward Martell, suka ɗebi ƙasa a wajen shinge suka auna. Suka sami fulutoniyom. Sai a lokacin aka bayyana cewa akwai wata hanyar da gubar ta bi: dubban ganguna na gurɓataccen mai da aka jere a fili tsawon shekaru, rana na dukansu, ƙanƙara na zuba a kansu, har suka yi tsatsa suka fara yoyo. Iskar wurin kuwa mai ƙarfi ce, ta kwashi ƙurar ta yi gabas da ita, wajen da mutane ke zaune.

Nan ne abin ya fi ci mini rai. Waɗanda ke ciki sun san da yoyon. Waɗanda suka faɗa wa duniya mutanen waje ne da suka sunkuya suka ɗebi ƙasa da hannunsu.

"Ai lokacin Yaƙin Cacar Baka ne"

Hujjar farko da ake kawowa ke nan. Ana cewa Amurka da Tarayyar Sobiyet na tseren makamai, duk bayanin da ya fita zai iya amfanar abokin gaba.

Na yarda cewa akwai abin da ya cancanci ɓoyewa. Ba wanda ke neman a buga zanen bam a jarida. Amma me ɗan leƙen asiri zai ƙaru da shi idan aka ce wa uwa kada ta ba ɗanta madarar shanun yankin na 'yan makonni?

Ba misali na ƙirƙira ba. A Hanford, jihar Washinton, inda aka samar da fulutoniyom ɗin bam ɗin Nagasaki, an saki sinadarin ayodin mai tururi cikin iska, har da wani gwaji da aka yi da gangan a Disamba 1949. Wannan sinadari na sauka a kan ciyawa, saniya ta ci, ya shiga madara, ya taru a maƙogwaron yaro. Rabinsa na lalacewa cikin kwana 8 kacal. Ke nan gargaɗi na ɗan lokaci ya isa ya rage haɗarin sosai. Mutanen yankin ba su ji labari ba sai 1986, da aka tilasta fitar da takardu.

A Ingila kuwa, da gobara ta tashi a masana'antar nukiliya ta Windscale cikin Oktoba 1957, an hana sayar da madarar gonakin da ke kewaye, aka zubar da ita. Ba a ji cewa tsaron ƙasar ya rushe saboda haka ba. Sai dai su ma sun riƙe cikakken rahoton binciken har 1988.

A tsakanin gobarar Rocky Flats da ta Windscale, ranar 29 ga Satumba 1957, tankin dagwalo ya fashe a masana'antar Mayak ta Tarayyar Sobiyet. An kwashe mutane kusan 10,000 daga ƙauyukansu ba tare da an faɗa musu dalili na gaskiya ba, hukumomi ba su amsa abin ba sai 1989. Haɗari uku cikin wata guda, a ƙasashe uku masu tsarin mulki mabambanta, kowacce ta yi rufa-rufa gwargwadon ikonta. Wannan ya nuna mini cewa cutar ba ta aƙida ba ce. Duk inda aka haɗa wa hukuma ɗaya aikin samarwa da aikin sa ido da ikon buga hatimin sirri, abin da za a gani ke nan. An ba kura ajiyar nama.

"Ba su san illar ba a lokacin"

Wannan hujja tana da ɗan gaskiya. Ilimin da ake da shi a 1952 bai kai na yau ba.

To amma wanda bai san wuta na ƙona ba, ba ya saka safar hannu kafin ya taɓa ta. A Rocky Flats ma'aikata na sarrafa fulutoniyom ne a cikin akwatuna rufaffu, suna zura hannu ta safar roba da aka liƙa a jikin akwatin. An jera matatu a hanyar iska. Ana rataya wa ma'aikata abin auna tururi a ƙirji. Duk wannan tanadi shaida ce cewa an san abin na kisa.

Gangunan nan ma an lura suna yoyo shekaru kafin a kwashe su, ba a rufe wurin da kwalta ba sai 1969. A 1973 aka gano wani sinadarin mai tururi, tiritiyom, a madatsar da garin Broomfield ke shan ruwa. Daga baya kuma aka riƙa cakuɗa dagwalon tafkunan da masana'antar ke tara gurɓataccen ruwa da siminti don ya daskare, siminti ya ƙi kamawa, tubalan suka riƙa narkewa a inda aka tara su.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar ilimin zamani kafin a gane shi. Kowa ya san duron da aka bari a fili zai yi tsatsa. Matsalar ita ce ma'aunin da ake auna shugabannin wurin da shi. Idan abin da ake tambayar ka a ƙarshen shekara shi ne ƙwallo nawa ka ƙera, to gyaran duro zai jira, ya kuma ci gaba da jira.

"Kimiyya ba ta tabbatar da cutar ba"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba zan yi mata riƙon wasa ba.

Dakta Carl Johnson, shugaban lafiya na gundumar Jefferson inda masana'antar take, ya fitar da bincike da ya nuna cutar daji ta fi yawa a unguwannin da ke kusa. Wasu masana sun soki hanyar da ya bi wajen lissafin. A 1981 aka tilasta masa barin muƙaminsa. A Hanford ma babban binciken da aka kammala a 2002 bai sami alaƙa bayyananna tsakanin adadin tururin da aka ƙiyasta mutane sun sha da cututtukan maƙogwaro ba. Dole mai gaskiya ya faɗi wannan.

Cutar daji ba ta zuwa da takardar da ke nuna inda ta fito. Tana iya ɗaukar shekara 20 ko 30 kafin ta bayyana, mutane sun ƙaura, wasu na shan taba, wasu sun gaje ta. Don haka ba zan ce duk wanda ya kamu a kusa da Rocky Flats masana'antar ce ta sa masa ba.

Amma a duba yadda aka zo ga wannan rashin tabbas. Duk binciken da za a yi yana dogara ne da sanin yawan gubar da ta fita, kuma wanda ake tuhuma shi ne mai riƙe da littafin. A gobarar 1957 na'urorin da ke auna abin da ke fita ta bututun sun daina aiki, daidai lokacin da aka fi buƙatar su. Shi ya sa ƙiyasin masana ya yi nisa da juna har yau.

A ce mai sayarwa ne sikelinsa ya karye a hannunsa, ya ci gaba da awo a ɗaki shi kaɗai, sannan da aka yi ƙorafi ya ce a kawo hujjar cewa ya tauye. Ba mai hankalin da zai karɓi wannan. Wanda ya hana a auna, shi ya kamata ya ɗauki nauyin shakkar da ta biyo baya. A nan kuwa marar lafiya aka ɗora wa.

Kotu ma ta daɗe a kan maganar. Maƙwabtan masana'antar sun shigar da ƙara a 1990 kan gurɓata musu filaye, ba a daidaita ba sai 2016, a kan dala miliyan 375. Shekara 26. Da yawa daga cikin waɗanda suka fara shari'ar ba su ga ƙarshenta ba.

Ma'aikatan

Akwai masu cewa masana'antar ta ciyar da dubban iyalai, ta biya albashi mai kyau, kuma ma'aikatan da kansu suna alfahari da aikinsu. Gaskiya ne, kuma ina girmama su. Waɗanda suka shiga cikin hayaƙin 1969 suka kashe wutar sun ceci birni guda, suna sane da abin da suke shaƙa.

Saboda haka ne ma nake ganin an fi cin amanarsu. Mutumin da ya rantse ba zai gaya wa ko matarsa abin da yake yi a wurin aiki ba, ya ba da amana iyakar bayarwa. Abin da ya rage masa shi ne ya yarda cewa na sama da shi na faɗa masa gaskiya game da jikinsa.

A batun ma'aikata babu dogon musu. Ana amfani da wani ƙarfe mai suna beriliyom a wurin, ƙurarsa na jawo ciwon huhu da ba ya warkewa, mutum ya riƙa haki har ya koma jan tukunyar iska. An tabbatar da cutar a jikin ma'aikatan Rocky Flats. Gwamnatin Amurka ta shafe shekaru tana ja da masu neman diyya, sai a 2000 majalisa ta yi dokar biyan ma'aikatan masana'antun nukiliya da aikin ya jawo wa cuta dala 150,000 da kuɗin magani.

Ko bayan dokar wahala ba ta ƙare ba. Mai cutar daji sai an sake lissafa tururin da ya sha a shekarun aikinsa, kuma lissafin na fitowa ne daga takardun da sau da yawa ba su cika ba. Ka ga tsoho na jinya, ko matar da mijinta ya rasu, ana neman su tabbatar da abin da ya faru a ɗakin da doka ta hana a yi maganarsa.

Albashi kuɗin aiki ne. Ba a taɓa zaunar da ma'aikacin nan an ce masa ga haɗarin, ga girmansa, ka zaɓa ba.

Ranar da hukuma ta kai wa hukuma samame

A ranar 6 ga Yuni 1989 jami'an FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, da na hukumar kare muhalli suka shiga Rocky Flats da takardar bincike. Wani ɓangare na gwamnati ya je kama wani ɓangaren. Daga wannan shekara aikin fulutoniyom ya tsaya, bai sake komawa ba.

Aka kafa kwamitin 'yan ƙasa na musamman da ke duba shaidu kafin a tuhumi mutum, ƙarƙashin wani makiyayi mai suna Wes McKinley. Suka yi fiye da shekara biyu suna sauraro. Suka nemi a gurfanar da wasu jami'an kamfanin da na Ma'aikatar Makamashi, wadda ta gaji Hukumar Makamashin Atom, da sunayensu. Mai gabatar da ƙara ya ƙi sa hannu. A 1992 aka sasanta, Rockwell ya amsa laifin karya dokokin muhalli, ya biya tarar dala miliyan 18.5. Ba mutum ko ɗaya da aka tuhuma. Rahoton kwamitin aka rufe shi, abin da aka saki daga baya an goge wasu sassansa, kuma doka ta hana 'yan kwamitin faɗin abin da suka ji.

Tara a kan kamfani ba ta hana manaja barci. Wanda ya sa hannu aka bar guba a fili mutum ne mai suna, kuma muddin ya san sunansa ba zai fito ba, wanda ya gaje shi ma zai yi yadda ya yi. An bar jaki ana dukan taiki.

"To ai an share wurin"

An share, kuma aikin ba ƙarami ba ne. An rushe ɗaruruwan gine-gine, an kwashe dagwalo, aka kammala a 2005 a kan dala biliyan 7 ko kusa da haka. Ƙiyasin farko ya ce za a yi shekara kusan 70, a kashe fiye da dala biliyan 30.

Wani ɓangare na wannan sauri ƙwazon ma'aikata ne. Wani ɓangaren kuma ya fito ne daga matsayin da aka amince a tsaya a kai. An tsaurara sharar ƙasar da ke sama, ƙafa uku na farko, amma can ƙasa an yarda a bar abin da ya fi haka yawa. Tsakiyar filin, inda gine-ginen suke, har yau a killace yake a hannun Ma'aikatar Makamashi. Gefen ne aka mayar gandun daji.

Hukumomin jiha da na tarayya sun ce haɗarin ga mai ziyara kaɗan ne ƙwarai, kuma mai yiwuwa haka ne. Amma ƙasa ba ta zama wuri ɗaya. Dabbobi na tona rami, ambaliya na zuwa, gobarar daji na ci, ana gina hanyoyi da gidaje. A 2019 wani samfurin ƙasa da aka ɗiba a gefen gabas, inda ake shirin gina babbar hanya, ya nuna fulutoniyom fiye da ninki biyar na ma'aunin sharar, ko da yake sauran samfuran da aka ɗiba ba su kai haka ba. Shinge da alƙawarin sa ido na 'yan shekaru ne, abin da ke ƙarƙashi kuwa lissafinsa na dubban shekaru ne.

Hanford ta fi muni nesa ba kusa ba. Tankuna 177 ne binne a ƙasa, ɗauke da galan miliyan 56 na dagwalo, fiye da 60 daga cikinsu ana kyautata zaton sun yi yoyo, ga kogin Kolumbiya a kusa. Waɗanda ba a haifa ba lokacin da aka cika tankunan su ne ke biyan kuɗin kwashe su.

Maganar ba ta wuce ba

Da tarihi ne kawai da ban damu haka ba. Amurka na shirin komawa ƙera ƙwallayen nan, aƙalla 80 a shekara, tsakanin cibiyar nukiliya ta Los Alamos a jihar New Mexico da ta Savannah River a jihar South Carolina. A 2013 sai da aka dakatar da aikin fulutoniyom a Los Alamos saboda sakaci da ƙa'idojin kariya. A Fabrairu 2014 wata ganga da aka cika a can ta fashe a rumbun ajiyar dagwalo na ƙarƙashin ƙasa a jihar New Mexico, saboda an zuba mata abin tsotse ruwa da bai dace ba. Rumbun ya yi kusan shekara uku a rufe.

Tun 1988 akwai kwamitin da ke duba tsaron waɗannan masana'antu, kuma kafa shi ci gaba ne. Sai dai shawara yake bayarwa. Ba shi da ikon rufe gini ko cin tara. Hukumar da ke ba tashoshin wutar nukiliya lasisi kuwa ba ta da iko a kan masana'antun makamai. Tashar da ke ba gidaje lantarki tana da mai duba ta daga waje, wurin da ake narka fulutoniyom kuma mai gidan ne ke da maganar ƙarshe.

Abin da nake ganin ya wajaba, a kowace ƙasa da ke da irin wannan masana'anta, shi ne mai sa ido na waje wanda zai iya tsayar da aiki ba sai ya nemi izinin wanda yake dubawa ba. Na'urorin auna iska da ruwa su kasance a hannun hukumar lafiya, sakamakon ya fito fili. Kowane ma'aikaci a ba shi kwafin lissafin tururin da ya sha, ya ajiye a gidansa. Wanda ya tona asirin sakaci kuma a kare masa aikinsa.

Da aka buɗe gandun a 2018, wasu hukumomin makarantu na yankin, har da ta Denver, sun hana kai ɗalibai ziyara wurin. An zarge su da tsoro marar dalili. Ni ban ga laifinsu ba. Mutanen da aka ɓoye wa gobara, aka ɓoye wa yoyon ganguna, aka rufe musu rahoton kwamitin da 'yan'uwansu suka zauna a ciki, ana so su yarda da kalmar hukuma a kan huhun 'ya'yansu. Da ni ne a wurin, zan nemi a fara buɗe takardun shari'ar 1992 gaba ɗaya, in karanta, kafin in kama hannun ɗana mu taka wannan ciyawa.